Otal a Kan Reshe, Gatari a Gindi

A yammacin 5 ga Fabrairun 1952, Gimbiya Elizabeth ta Ingila ta hau tsani ta shiga wani ɗan masauki na katako da aka ɗora a kan ƙaton ɓaure a dajin Aberdare na ƙasar Kenya. Ta raba dare tana kallon namun daji suna zuwa shan ruwa a tafkin da ke ƙasa. A daren nan mahaifinta, Sarki George na Shida, ya rasu cikin barci a Sandringham, gari ya waye tana sarauniya ba ta ma sani ba. Sunan masaukin Treetops, wani Bature mai suna Eric Sherbrooke Walker ne ya gina shi a 1932, kuma da wuya a buɗe wata mujallar yawon buɗe ido mai zancen kwana a kan bishiya ba a tarar da wannan labari ba.

Ƙarshen labarin ne ba a cika kawowa ba. A watan Oktoban shekarar nan Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar ta-ɓaci a Kenya, daga baya kuma suka haramta wa 'yan ƙasa shiga dajin Aberdare, wanda aka gani a ciki harbi ne hukuncinsa. Sojojin mulkin mallaka suka mai da masaukin wurin tsinkayo mayaƙan Mau Mau, mutanen da babban kukansu shi ne ƙasar noma da aka karɓe aka ba Turawa 'yan kama-wuri-zauna. A watan Mayun 1954 mayaƙan suka banka masa wuta. Tun daga kakan waɗannan otal-otal ke nan, tambayar da ke rataye a jikinsu ba ta sauya ba: wa ke sama yana kallo, wa aka kora daga ƙasa, kuma ƙasar da bishiyar ta tsiro a kai ta wane ne?

Yau harkar ta bunƙasa. A ƙauyen Harads da ke arewacin Suwidin akwai Treehotel, wanda aka buɗe a 2010, inda ɗaya daga cikin ɗakunan wani akwati ne mai mita huɗu ta kowace fuska, an lulluɓe shi da madubi har ya saje da daji. Akwai irinsu a Kosta Rika da Bali da Tailan da Afirka ta Kudu, kuma kwana ɗaya a manyansu kan ci ɗaruruwan daloli. Hotunansu na yawo a Instagram, suna faɗowa cikin wayoyin 'yan bokon Arewa, likita a Dutse, injiniya a Abuja, malamin jami'a a Kano. Wanda ya tara halalinsa ya je ya kwana a sama ya sha iska, babu mai tuhumarsa. Kuɗinsa ne, hutunsa ne. Matsalar tana farawa ne idan ya dawo da darasi a aljihu. Darasin kuwa a kullum iri ɗaya ne: dubi yadda Turawa suka mai da bishiya kuɗi, mutanen karkara kuwa gatari kawai suka sani, da za a samu mai zuba jari ya killace wani yanki, ya gina masauki, ya jawo baƙi, da bishiyoyi sun tsira, don abin da ke kawo kuɗi shi ake tsarewa.

Wannan magana tana da daɗin ji a ɗakin taro mai na'urar sanyaya iska. Amma kuskure ce, kuma kuskuren da ya riga ya ci gonakin mutane a ƙasar Gumel.

Duk wanda ya bi hanya da kaka ko da rani ta Gagarawa, garin da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa, ya nufi Gumel ko Sule Tankarkar ko Maigatari, ya ɗaga kai, zai ga rassan bishiyoyin gonaki a cike suke. Dammunan harawar wake da ta gyaɗa ne aka cusa a tsakanin rassa, inda akuya ba ta kaiwa, gara ba ta ci, iska kuma na ratsawa. Wannan harawa ita za ta riƙe ragon layya da saniyar tatsa idan ciyawa ta ƙare. A wata bishiyar amya ce aka ɗaura, ana jiran zuma. A gindi kuwa ga mai hutun tsakar rana, ga tumaki sun taru, ga mahauci da mai gyaran babur a bakin kasuwa. Bene ne mai hawa biyu, kuma babu ɗakin da ke zaune babu mai shi. Manomin Gagarawa ya daɗe da gina ɗaki a kan bishiya, sai dai abin da ya kwantar a ciki abincin dabbobinsa ne.

Gawo ya isa misali. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin shuka. Idan rani ya tsananta, komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo da 'ya'yan da awaki da shanu ke rububi. Saiwarsa na nutsawa can ƙasa neman ruwa ba tare da ta yi kishiya da amfanin gona ba, kuma yana daga cikin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Masana aikin gona sun auna, sun tabbatar da abin da manomi ya gada da sani: geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da cikar zangarniya. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Ba don baƙi masu kyamara ya yi ba.

Kuka kuwa kasuwa ce guda. Ganyenta miya, garin 'ya'yanta a dama da nono, ɓawonta igiya. Tsamiya na shiga kunu, aduwa da magarya da kanya abin lasawar yara da abin sayarwar tsofaffi mata, bagaruwa ta majema ce, goruba ta ba da kabar tabarma, dakwara ta ba da ƙaron da ake fitarwa ƙasashen waje. Waɗannan duka kuɗi ne. Laifinsu ɗaya: suna shigowa ne da kaɗan-kaɗan, cikin ƙwarya da mudu, a hannun mutanen da ba su da rasit, saboda haka ba sa bayyana a takardar mai lissafin jari. Wanda ya ce bishiyar karkara ba ta kawo kuɗi sai an ɗora mata otal, abin da yake nufi shi ne ba ta kawo wa irinsa kuɗi.

Ko ta fuskar gini ma, mafarkin bai zauna ba. Gawo ƙaya ne da shi, kuma a watannin da gari ke da ni'ima ba shi da ganye. Lokacin da yake da inuwa kuwa, ko dai hunturu na turo ƙura, ko zafin Afrilu ya haura digiri 40. Jikin kuka taushi ne da shi kamar soso, cike da ruwa, ba katakon da za a amince wa nauyin ɗaki ba ne. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu an yi wata shahararriyar kuka, ta Sunland, wadda aka buɗe mashaya a cikin kogonta, baƙi na tururuwa. Ta tsage ta zube a 2016 da 2017. Ban da haka, sai an sha aiki kafin a shawo kan Bahaushe ya biya kuɗi don ya kwana a kan kuka, bishiyar da tun yana yaro ake gaya masa ko su wane ne ke zaune a cikinta.

Wannan duk ƙaramin zance ne. Babban zancen shi ne na mallaka, kuma a nan Gagarawa ke da abin faɗa wanda Harads ba ta da shi.

A Suwidin akwai tsohuwar al'ada da doka ta amince da ita, wadda ta ba kowa damar ratsa daji, ko da na wani ne, ya tsinci 'ya'yan itace, ya kafa tanti na ɗan dare. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne, mutane kuwa ƙalilan. Ɗakin madubi a Harads bai hana kowa tuwo ba. A arewacin Jigawa kuwa da wuya a sami bishiyar da ba a cikin gonar wani take ba, ko a kan burtali, ko a makiyaya. Duk aikin da ke bukatar killace bishiyoyi, sai ya fara da killace ƙasa. Hanyar killace ƙasa a Najeriya kuwa sananniya ce: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke haƙƙin mai fili idan an ce maslahar jama'a ta bukata. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da shuka, bisa ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke. Ita kanta gonar da aka gada kaka da kakanni, ba a biyan kuɗinta kamar yadda za a saye ta a kasuwa.

Mutanen Gagarawa sun ga yadda wannan ke aiki da idonsu. A shekarun 2016 da 2017, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, rikici ya tashi a kan fili mai faɗin hekta 12,000 da aka ware wa wani reshen kamfanin Lee Group domin noman rake da masana'antar sukari, filin da ya fi shafar Gagarawa, ya kuma taɓa maƙwabtanta. Gwamnati ta kafa hujja da ayyukan yi da bunƙasar masana'antu da biyan diyya. Manoma da yawa suka ƙi, suka yi zanga-zanga, maganar ta kai gaban kotu. Ba sai an yanke wa kowa hukunci a nan ba. Ko da an ɗauka kowane ɓangare da kyakkyawar niyya ya shigo, tsarin da kansa yana da rami. A al'adar ƙasar Hausa, bishiya ɗaya kan ɗauki haƙƙoƙin mutane da yawa. Gonar ta wane ce, amma kukar da ke ciki ta gidansu ce gaba ɗaya. Matan unguwa na tsinkar ganye. Bafulatani na sassabo reshe da rani, shanunsa su bar taki. Mai zuma na ɗaura amya da izini. Ranar biyan diyya suna ɗaya ake kira, na mai gona, a ƙirga masa bishiya a biya sau ɗaya, alhali kuka na iya ciyar da zuriya bayan zuriya. Matar da ke sayar da garin kuka a kasuwar Gumel ba ta cikin jerin, makiyayi ma haka.

Za a ce ai gonar rake da otal ɗin bishiya hannun riga ne, tunda ɗaya tumɓuke itace yake don injin noma ya wuce, ɗayan kuwa lallashinsa yake. A idon bishiyar haka ne. A idon mai harawar da ke kan reshe kuwa, dukansu da takardar gwamna suke zuwa, da waya mai ƙaya, da mai gadi a ƙofa. Wanda aka raba da gawonsa, bai dame shi ba ko an sare shi ko an rataya masa fitilu. Kuma dukansu daga tunani ɗaya suka fito, wai ƙasar karkara a kwance take tana jiran wani daga waje ya zo ya ba ta daraja.

Wannan tunani yana da wata ɗabi'a mara kyau: idan bai sami abin da yake son gani ba, sai ya ƙirƙira. A 2011 gidan talabijin na BBC ya nuna, a cikin shirinsa Human Planet, mutanen Korowai na yankin Papua a Indunusiya suna gina gida a ƙololuwar wata doguwar bishiya, suna tarewa a ciki. A 2018 gidan ya fito ya amsa cewa ba gidan zamansu ba ne, domin masu ɗaukar fim aka gina shi. Baƙon da ya biya kuɗi yana son daji marar mutane, ko mutanen da suka dace da hoton da ya zo da shi a ka. Manomin riɗi mai babur da wayar hannu, wanda ke lissafin farashin zoɓon da za a kai Meziko, ɓata masa hoto zai yi.

Sannan kariyar da aka jingina da baƙo, da ƙafar baƙo take tafiya. A 2020 annobar korona ta rage masu tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe da fiye da kashi 70 cikin 100, shi kansa Treetops, wanda aka sake ginawa a 1957, sai da ya rufe ƙofa. Ariaú Towers, katafaren otal ɗin da aka gina a tsakanin bishiyoyin Amazon kusa da Manaus a Burazil, wanda ya sauki attajiran duniya, ya rufe a 2016 ya bar katakai suna ruɓewa. Mutanen Maigatari ba sa bukatar a ba su labarin arzikin da ya dogara da buɗaɗɗiyar hanya: sun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma yankin ciniki maras haraji da aka kafa musu tun zamanin Gwamna Saminu Turaki ya shafe shekaru bai cika burin da aka ɗora masa ba. Masu cinikin gawo kuwa awaki ne, kuma ba su taɓa fasa zuwa ba ko da rani ɗaya.

Ba a ce yawon buɗe ido bai taɓa tsare daji ba. Gadar igiya da aka shimfiɗa a saman bishiyoyin Kakum a Gana a 1995 ta jawo ɗimbin baƙi, irinta ta cibiyar Lekki a Legas ma tana cika. Amma waɗannan kurmi ne masu dogayen itatuwa, an riga an keɓe su, kuma suna kusa da manyan birane. A Jigawa ma akwai wurin da ya cancanci baƙo, dausayin Baturiya a ƙasar Haɗejia, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai cin rani. Wanda ke son harkar ya nufi can, ya fara da zama da masunta da makiyaya. Gonakin gero na ƙasar Gumel wani abu ne daban, kuma maganinsu na tsallaken iyaka, tafiyar da ba ta kai yini ba.

A farkon shekarun 1980 jihar Maraɗi ta zama fako. An kashe kuɗi ana dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan bishiyoyi ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, aka kare su, sai su tashi da saurin da dashe ba ya yi. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Ba ya bukatar gandun reno, ko tankar ruwa, ko ɗan kwangila; wuƙa ce da haƙuri. Sai dai dabarar kaɗai ba ta isa ba. Tun zamanin Faransa doka ta mai da muhimman bishiyoyi na hukuma, ma'aikacin gandun daji na iya cin manomi tara don ya sare reshe a gonarsa, saboda haka mai hankali ya gwammace ya kashe tsiro tun yana ƙarami da ya rena wa kansa fitina. Da aka sassauta wannan riƙo, aka zo da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, manomi ya fara ganin bishiyar tasa ce, sai ƙasa ta sauya kama. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya fi cika, suna daga cikin wuraren da suka fi yawan jama'a. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya riga ya nuna irin haka a karkarar da ke kewaye da Kano: inda mutane suka yi yawa kuma gona ta tabbata ta mai ita, bishiyoyin gona ba sa ƙarewa.

A gwada wannan da Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Jigawa na cikin jihohi 11 da ta shafa a Najeriya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 4 ne a yankin aikin, daga cikin miliyan 100 da aka yi buri. Manoman Nijar da wuƙaƙensu sun yi abin da ya fi haka. Duk da haka kowace damina sai an ga babban mutum da babbar riga ya durƙusa yana dasa tsiro a gaban kyamara, a sanar da miliyoyin da aka raba, ba a kuwa komawa a watan Maris a ƙirga masu rai.

Gatarin da ke cin itatuwan karkara ma, a birni yake da uban gida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rayuwa ta yi tsada, gas ɗin girki ya fi ƙarfin gidaje da yawa, aka koma gawayi. Buhunan da ke jere a bakin titi ba ƙauye za su ba. Gidajen burodi da masu gashi da unguwannin ma'aikata su ke saye, har da gidan da aka sare darbejiyar ƙofarsa don a shimfiɗa siminti a ajiye mota, mai gidan kuma yana cikin falo yana yaba hoton ɗakin madubi na Suwidin.

Aikin da ke gaban 'yan bokon Jigawa ba shi da kyan hoto, amma na sana'arsu ne. Lauya ne zai iya rubuta ƙudurin da zai fayyace a dokar jiha cewa bishiyar da manomi ya rena a gonarsa tasa ce, ya datse, ya sayar, ya bar wa magada, ba tare da tsoron jami'i ba. Mai ƙiyasta kadarori ne zai iya cewa jadawalin diyya ya lissafa shekarun da kuka ko tsamiya za ta yi tana bayarwa, ya kuma sa sunan masu tsinka da masu kiwo. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, a hannun ma'aikata 'yan jiha yake gudana. Su ne za su iya dagewa a auna nasara da bishiyar da ta kai shekara uku da rai a gonar mai ita. Burtalin da aka cinye da noma, mai safiyo ne zai fitar da iyakarsa.

A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman a kan sassabin zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin bishiyoyin da ya rena a gonarsa. Ɗan majalisar Dutse da ke son sanin yadda abin yake a aikace ba ya bukatar tikitin jirgi. Kasuwar Maigatari na ci kowace Alhamis, mutanen Dungas da Magarya kuma suna shigowa da dabbobinsu tun da sassafe.